Tsohon gida mai araha a ƙaramin gari: a binciki dalilin arahar kafin a aiko da kuɗi

Kiran yakan zo ne bayan isha'i, lokacin da mai aikin gini a Tamanraset ko mai tura baro a Abijan ya samu ya zauna. Ƙane ne daga gida, murya cike da zumuɗi: "Yaya, an fitar da wani gida a tsohuwar unguwa, bayan kasuwa. Ɗaki huɗu da zaure, tsakar gida kuwa sai ka gani. Ya ɗan tsufa, amma kuɗin ba wani abu ba ne. Dillali ya ce in ba a ba da wani abu ba kafin Juma'a, wani Alhaji zai ɗauka." Sai hotuna uku su biyo baya ta WhatsApp: ƙofar gida, iccen dogon yaro a tsakar gida, da wani ɗaki da aka ɗauka ta inda ba a ganin rufinsa. Kafin gari ya waye, yaya ya gama lissafin abin da ya tara cikin shekara huɗu, ya kuma fara tunanin launin fentin da zai shafa wa zaure.

Irin wannan kira ba baƙo ba ne ga ƴan ci-rani daga Tawa, Maraɗi da Damagaram, kuma ba baƙo ba ne ga matasan ma'aikata da kuɗin haya ya ishe su a Yamai. Shawarar kanta ba ta da laifi. Sayen tsohon gida a Tasawa, Madawa, Matamai ko Dogon Dutsi a gyara shi sannu a hankali yana cikin ƴan hanyoyin da suka rage wa mai ƙaramin ƙarfi ya mallaki muhalli. Laifin yana wurin gaggawa. Gida ba ya araha haka kawai, kuma wanda ya biya kuɗi bai san dalilin arahar ba, ya sayi dalilin tare da gidan.

Abin da ya sa shawarar ta yi kyau

Matashin da ya tara ƴan kuɗi yau, abin da aka fi nuna masa shi ne fili a gefen babban birni. Ya biya, a ba shi lamba, ya je ya tarar da gonar hatsi: ba ruwa, ba wuta, ba maƙwabci, hanya kuwa sai wadda amalanke ya fitar. Zai jira shekaru kafin unguwa ta iso shi, yana ci gaba da biyan haya, ga kuɗin katanga don kada wani ya shige masa.

Tsohon gida a ƙaramin gari ya riga ya wuce wannan mataki. Akwai maƙwabta, akwai masallaci, kasuwa da makaranta suna nan kusa, galibi bututun ruwa da turakun wuta sun ratsa layin. Tsakar gidan mutanen da tana da faɗi, kuma iccen da aka dasa shekara talatin da suka wuce ba abu ne da kuɗi ke saye ba. Ana iya gyara ɗaki ɗaya a shiga, a ci gaba da sauran idan hali ya samu. Garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Kwanni, Maraɗi zuwa Damagaram, motoci ba sa yankewa a cikinsu dare da rana. Mai aiki a Damagaram yana iya kwana a Mirya, mai aiki a Maraɗi yana iya kwana a Tibiri. A ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, ƙaramin garin yau ba zai daɗe yana ƙarami ba.

Garin ma yana amfana. Kangon da aka bari yana zama juji, maɓoyar macizai da matattarar ƴan shaye-shaye. Idan aka tashe shi, magini ya samu aiki, mai amalanke ya samu, kafinta da mai walda sun samu, unguwa kuma ta ƙara haske.

To amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dalilan da ke karya kuɗin tsohon gida ba su da yawa. Akwai na gaskiya: masu gidan sun koma birni, ko buƙata ta taso masu, ga shi masu saye ba su da yawa a garin. Wannan ita ce arahar da ake nema. Sauran ukun su ne rigimar gado, rashin takarda, da ruwa. A wasu garuruwan kusa da iyakar Najeriya, a kudancin jahar Maraɗi, akwai na huɗu, wato matsalar tsaro, kuma wannan ba a ɓoye take ba. Ukun farko ne hoto ba ya nunawa.

Gidan gado ba shi da mai shi ɗaya

Mafi yawan tsofaffin gidajen da ake sayarwa gidajen gado ne. Mai gida ya rasu, ya bar mata biyu ko uku da ƴaƴa goma sha wani abu. Wanda ke riƙe da makulli, ko wanda ya fi kowa baki, shi ne ke kai maganar wurin dillali. Amma riƙe makulli ba mallaka ba ce. A rabon gado na Musulunci matan mamaci suna da tumuni idan ya bar ƴaƴa, ƴa mace tana da rabin kason ɗa namiji, iyayen mamaci idan suna raye suna da nasu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da haƙƙi a cikin wannan gidan, har da wadda aka aurar Kano shekara ashirin da suka wuce, har da wanda ya tafi Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, har da marayan da bai balaga ba.

Rigimar ba ta cika tasowa ranar ciniki ba. Takan jira sai an ɗora sabon kwano, an sa ƙofar ƙarfe, gida ya yi kyau. A lokacin ne wani zai sauka daga mota ya ce shi ba a shawarce shi ba. Kuma maganarsa tana da ƙafa. A mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana iya mayar wa mai sayen kuɗinsa ya karɓi kason. Kotunan Nijar ma, a shari'ar gado da ta filayen da ba su da cikakkiyar rajista, suna aiki da al'adar masu shari'ar, tare da mashawartan alƙali da suka san ta. Wanda ya zo da takardar da mutum ɗaya ya sa wa hannu ba shi da abin dogara sosai a gaban irin wannan zama.

Saboda haka tambayar farko ita ce sunan mamacin da jerin magadansa. A nemi takardar shaidar magada da takardar zaman iyali da kotu ta tabbatar, wadda ta nuna wanda aka wakilta ya sayar. A ji daga bakin mata kai tsaye, domin su aka fi tsallakewa, kuma shirunsu ba yarda ba ne. Wanda ke ƙasar waje a kira shi a gaban shaidu, ya aiko da wakilci a rubuce. Idan akwai marayu, a tabbatar da wanda ke da ikon yin magana a madadinsu da inda kasonsu zai shiga. A kuma tambaya ko an taɓa jinginar da gidan kan bashi, ko akwai wanda aka ba aron ɗaki ya shekara goma a ciki. Mai sayarwar da ya fusata don an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Takardar ciniki daban, takardar mallaka daban

Ciniki da yawa a ƙananan garuruwa a zauren mai unguwa ko na maigari yake ƙarewa: a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a buga hatimi, a yi fatiha. Wannan takarda tana da amfani, kuma bai kamata a raina ta ba, domin sarakunan gargajiya su ne suka san tarihin kowane gida kuma doka ta ba su ikon sasanta rigingimu. Sai dai abin da take tabbatarwa shi ne wane ya karɓi kuɗi daga wane. Ba ta tabbatar da cewa filin ba ya kan hanyar da taswirar gari ta tanada, ko cewa ba a taɓa sayar wa wani shi ba.

Inda aka yi wa unguwa rabon filaye, kowane gida yana da lamba, kuma ma'aikatar magajin gari tana da kundi. Takardar da take bayarwa, wadda aka fi sani da akt, a duba ta da kundin: lambar ta dace, faɗin ya dace, sunan da ke kai shi ne na mamacin ko na mai sayarwa. Bayan ciniki a yi canjin suna, kada a ajiye akt da sunan wani a ƙarƙashin katifa. A karkara da wuraren da ba a yi wa rabo ba, akwai kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta aza tushensu, daga matakin ƙauye zuwa komin zuwa gunduma, kuma suna ba da takardun shaidar saye, kyauta ko gado. Sama da duka akwai takardar cikakkiyar mallaka ta ma'aikatar kula da filaye ta ƙasa, titir fonsiye, wadda aka sauƙaƙa hanyar samunta tun 2006 da tsarin da aka raɗa wa suna Sheda. Ita ce bankuna suka fi amincewa da ita, kuma ita ce ta fi wuyar rusawa a kotu.

Tsofaffin unguwanni suna da wata matsala ta daban. Da yawansu sun girmi taswira. Lungunansu ƙanana ne, kuma ranar da hukuma ta tashi fitar da hanya ko magudanar ruwa, zauren wani ne zai tafi. Awa ɗaya a ofishin da ke kula da filaye na komin, tare da mai awon fili, tana iya nuna ko gidan yana cikin irin wannan layi. A kuma zagaya iyakoki da maƙwabta huɗu a tsaye: katangar nan ta wa ce, indararon can ina yake zuba. Rigimar indararo ta raba zumuncin da ya fi gidan tsufa.

Akwai abu guda da ya shafi ƴan ci-rani musamman. Don sauƙi, sai a ce a rubuta sunan ƙane ko na baba tunda su ne a gida. Ranar da ta Allah ta kasance ga wanda aka rubuta sunansa, gidan ya shiga gadonsa, kuma wanda ya sha ranar Sahara ya tara kuɗin ya koma mai roƙon shaidu. Matan da ke aiki a waje su aiko da kuɗi sun fi kowa faɗawa wannan rami. Wanda ya biya, sunansa za a rubuta. Wannan ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne, kariya ce ga zumuncin kansa.

Gidan da aka gani da rani, ba a gan shi ba

A watan Maris kowane gida a bushe yake. Wanda ke son sanin gaskiyar gida ya je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Damanar 2024 ta isa darasi. Alƙaluman hukuma sun nuna sama da mutum 300 sun rasa rayukansu, sama da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga Satumba. Idan ginin da ke da masu kula da shi ya faɗi, ina ga kangon da ya shekara biyar ba a yi masa yaɓe ba?

Maraɗi kanta shaida ce. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka maido da mutane kan tudu. Duk garin da ke bakin Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba ko kwarin Majiya yana da unguwannin da kowa ya san ruwa na kwanciya a cikinsu. Ko a garin da ba shi da gulbi akwai kududdufai, ramukan da aka ɗebi ƙasar gina garin. Wasu an cike su da shara an yi gini a kai. Irin wannan ƙasa ba ta ɗaukar nauyi, kuma ruwa yana komawa inda ya saba.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. A dubi gindin bango: idan ya zaizaye ya shige ciki, ko yana da farin gishiri da layin danshi, ruwa yana zama a nan. A dubi tsakar gida da titi: a tsofaffin unguwanni titi yana tashi shekara bayan shekara saboda ɓaraguzai da yashi, gida ya koma kwari, ruwan layi gaba ɗaya ya riƙa shigowa ta zaure. A nemi inda tsohuwar rijiya da tsofaffin ramukan salanga suke, domin ɗakin da aka ɗora kan ramin da aka binne yana iya nutsewa. Sannan a bar dillali a mota a je a gaida tsohuwar da ke maƙwabtaka: "Inna, shekarar ruwan nan, ina ya tsaya a gidan nan?" Za ta nuna da hannunta, kuma ba ta da la'ada a cinikin.

Tsagewar bango ana gyara ta, rufi ana sake shi. Gidan da ke cikin hanyar ruwa kuwa ba shi da magani sai ƙaura. Irinsa ko kyauta aka bayar ya yi tsada.

Gyara yana da tsari

Idan gado ya warware, takarda ta tsaya, wuri kuma tudu ne, sai maganar gyara. A nan ma kuskuren da aka fi yi sananne ne: a fara da abin da ido ke gani. Ƙofar ƙarfe mai ado, fenti, karo a ƙasan ɗaki, don hoton da za a tura wa mai gida ya yi kyau. Ginin ƙasa kuwa abu biyu yake buƙata kafin komai, wato rufin da ba ya yoyo da gindin da ba ya shan ruwa.

Kafin a biya kuɗin gidan ma, a kai tsohon magini wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a biya shi ladan yini. Zai ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta cinye cikinta, domin azarar da gara ta ci daga waje lafiya lau take. Zai bambanta siririyar tsagewar yaɓe da tsagewar da ta ratsa bango a karkace tana buɗewa, wadda ke nuna tushe ya motsa. Zai ce wannan ɗaki a gyara, wancan a rushe a yi amfani da ƙasarsa. Daga nan aiki ya bi layi: rufi da indararo, gindin bango da hanyar fitar ruwa, salanga da wurin wanka nesa da bangon ɗaki, sannan wayoyin wuta sababbi. Ado shi ne na ƙarshe. Lokacin aikin kuma rani ne, daga bayan girbi zuwa kafin faɗuwar ruwa, tare da tuna cewa a wurare irin su Damagaram ruwan kwaɓa ƙasa kansa kuɗi ne idan zafi ya tsananta.

Akwai tarkon siminti. Masana'antar Malbaza tana nan, gwamnati kuma ta rage farashin siminti a watan Oktoba 2024 bayan ambaliya, saboda haka sha'awar shafe komai da shi ta ƙaru. Amma siminti da ƙasa ba su da hali ɗaya. Bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar, siminti kuwa yana kulle shi. Da zarar shafen ya ɗan tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, fuska tana sheƙi, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Siminti yana da wurinsa: tushe, daɓe, wurin wanka, bakin indararo. Inda za a shafa shi a bango, sai da maginin da ya san yadda ake ɗaure shi, kuma a riƙa duba shi kowace shekara.

Haka ma kwano. Yana kawar da wahalar yaɓen rufi, amma ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ne. Wanda ya ga yadda wuta ta yi ƙaranci bayan Najeriya ta katse layinta a watan Agusta 2023 ya san darajar ɗakin da ke da sanyi ba tare da fanka ba. Kaurin bangon tsohon gida dukiya ce. Ginin ƙasa ba alamar talauci ba ce: masallacin Yama a jahar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin jahar dai, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin garin ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse. Akwai kuma maginan da suka koyi rufin ƙasa marar icce, fasahar da ta shigo Nijar tun shekarun 1980, abin da ke da amfani yanzu da azarar giginya ta yi wuya.

Lissafin da ya kamata a yi

Kuɗin gida ba shi ne abin da aka ba mai sayarwa ba. A ɗauka mutum ya tara miliyan 3 na sefa. Idan ya sayi gidan miliyan 3, ya mallaki kango, kuma damana ba za ta jira ya sake tarawa ba. Gidan da ya dace da shi shi ne na miliyan ɗaya da rabi ko biyu, sauran ya tafi ga la'adar dillali, takardu, mai awon fili, rufi da gindin bango, a kuma bar wani abu don abin da za a tarar idan an buɗe rufi. Ba a taɓa buɗe tsohon rufi an tarar da abin da ya fi zato kyau ba. Idan kuɗin saye da na gyara suka haura abin da sabon gini zai ci a garin, to arahar ta ƙare, sai a haƙura. Araha dai ba ta ado.

Kuɗin gyara kuma kada a aiko da shi dunƙule. Yanzu da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suka kai ƙananan garuruwa, ba wuya a biya mataki-mataki: a gama rufi, a nuna ta bidiyo, a aiko da na gaba. Mai riƙe kuɗi daban, mai duba aiki daban. Ɗan'uwan da aka ɗora wa tsayuwa kan aiki a yanka masa ladansa a fili, domin wanda ya bar sana'arsa wata biyu yana gadin magina ba tare da an ba shi komai ba, zai biya kansa ta wata hanya, ko buƙatar gida ta biya masa.

Wa zai zauna a ciki?

Wannan ita ce tambayar da ake mantawa, kuma ita ce ke raba sayen hankali da sayen alfahari. Gidan ƙasa da aka kulle ba ya jiran mai shi. Indararo ɗaya ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta a rufi dare ɗaya, aikin shekara ya lalace. Gara ma ta fi son ɗakin da ba a buɗewa. Idan mai gida ba zai dawo nan kusa ba, to a sa uwa, ko iyali, ko a ba malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da aka turo garin haya, da yarjejeniya a rubuce.

Masu cewa sayen gida a ƙaramin gari binne kuɗi ne suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Kuɗin haya a can kaɗan ne. Ranar da buƙata ta taso, mai saye ba ya samuwa da wuri, dalilin da ya sa aka samu gidan da araha tun farko ke nan. Wanda ke neman riba cikin shekara biyu, ko wanda ya ji ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ya ɗauka kowane kango a jahar zai zama zinariya, ya nemi wata sana'ar. Haka wanda aikinsa, makarantar ƴaƴansa da asibitin da yake zuwa duk suna Yamai: gida a nisan kilomita 600 ba zai rage masa ko dala daga kuɗin haya ba. Wannan saye na wanda ke da igiya a garin ne, ko iyaye, ko gona, ko sana'a, ko niyyar komawa da gaske.

Hukumomi ma suna da nasu. Kundin filaye da kowa zai iya dubawa, kuɗin canjin suna a rubuce a jikin bango, da taswirar unguwannin da ruwa ke ci a kowane komin za su rage rabin shari'un da ke cika kotuna da fadojin sarakuna. Ƙananan hukumomin da ke son ƴaƴansu na waje su zuba kuɗi a gida, nan ya kamata su fara.

Kafin hakan ta samu, kariyar mai saye tana hannunsa. Idan ƙane ya sake kira ya ce Juma'a ce wa'adi, amsar ba ta da tsawo: "Ƙanena, ka samo mini sunayen magada, ka ɗauko hoton takarda, ka kai magini ya hau rufin, ka kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya." Idan dillali ya ce Alhaji ba zai jira ba, a bar wa Alhaji. Tsofaffin gidaje ba su ƙare a Tasawa ko Madawa ba, amma shekara huɗu na guminsa, idan suka tafi, ba mai maido wa mutum su.